Minti Biyun Da Ban Faɗa Wa Baba Ba

Ku masu turo min saƙo kuna cewa "Rediyo, ina kika shige, ko batir ya mutu?", to ga ni. Batir bai mutu ba. Abin da zan faɗa ne ba na son jin sa a bakina. A kan bencin ƙarfe na barandar asibiti nake rubuta muku wannan, silifas ɗina ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na Umma, kuma duk wadda ta zo neman dariya yau ta yi haƙuri, 'yar kaɗan ce ta rage, ita ma ta fara tsami.

Don sababbin shiga: Rediyo ake ce min a gida, saboda tun da na iya magana ba a gano inda ake kashe ni ba. Mu huɗu ne, Baba, Umma, Yaya, sai ni auta. A'a, ƙarya nake, mu biyar ne, akwai mota. In ma za a jera mu bisa daraja a wurin Baba, daga Umma sai ita, ni da Yaya mu yi rigimar na ƙarshe.

Baba shekara talatin da ɗaya yana tuƙa manyan wani kamfani. Da ya ajiye aiki suka sallame shi da 'yar mota fara mai ƙaramin inji da turbo. Kullum da safe sai ya goge ta da tsohuwar singiletinsa, ya zaro sandar duba mai ya kalla kamar likita na duba jini. Kuma ba motar ado ba ce. Litinin, Laraba, Juma'a, ita ke kai Umma wankin ƙoda. Ƙarfe takwas ake ɗora ta a kan na'ura. In kika makara da rabin awa wani za a ɗora, don masu jira sun fi na'urorin yawa, kuma babu wanda ya zo wasa a cikinsu.

Matsalar, asibitin a kan tudu yake. Hawa ne mai tsawo, kusan minti goma. Da mun fara hawan motar sai ta dinga nishi kamar tsohuwa ɗauke da buhu, Baba ya miƙa hannu ya kashe esi don ta samu ƙarfi. Umma ba ta taɓa cewa uffan ba. Rufe ido take yi, zufa na bin wuyanta, ƙafafunta a kumbure, hannunta riƙe da baƙar leda saboda amai. Ni ce a gefenta ina mata fifita da katin asibiti. Sau uku a mako.

To yanzu ga Injiniya. Dogo, siriri, magana a hankali kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. Gyaran mota yake yi, amma da kwamfuta: ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari, mota ta faɗa masa inda ke mata ciwo. Shekara biyu yana zuwa wurina. Sau biyu ya nemi turo manyansa, sau biyu Baba yana cewa, "Ba yanzu ba. Sai na ga aikinsa." Amma ko bonet bai taɓa barinsa ya ɗaga ba.

"Wannan ne bakanike?" in ji Baba. "Farce fes, riga a goge? Akawu ne ya ɓata hanya."

Yaya kuma in ya ji sallamarsa sai ya leƙo ɗakina. "Ke, fito, ga mai danna-dannanki ya zo."

"Gara shi yana danna abin da ke kawo abinci. Kai me kake dannawa ban da rimot?"

Haka muke. Amma cikin raina abin yana ci na. Shekarata ashirin da shida, ƙawayena har sun daina tambaya ta "yaushe ne", kun san kuwa in aka daina tambaya abu ya yi nisa.

Sai dabara ta zo min, kuma ku rubuta ku ajiye, duk ranar da dabara ta zo wa Rediyo a kulle ta a ɗaki. Na ce Injiniya ya ƙara wa motar ƙarfi. Umma ta hau tudu da esi, Baba ya yaba, sannan in miƙe in ce, "To Baba, aikin akawun nan ne." A kaina har na ji yadda zan ja muryar.

Ran Lahadi da hantsi na ce zan kai motar wanki. Baba ne ya koya min tuƙi da kansa, akwai makulli na biyu a jakata. Na sa doguwar rigata ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na fesa turaren da na san yana rikita wa Injiniya lissafi, na nufi garejinsa.

Ya saurare ni har na gama, yana goge hannun da babu komai a jikinsa.

"Baba ya sani?"

"Shi ya aiko ni."

Ya kalle ni. Na kalle shi ban ƙifta ba. Wallahi da ƙarya sana'a ce da tuni na gina gida.

"Baban da ya ce ni akawu ne?"

"Girman kai ne ba zai bari ya zo da kansa ba. Ya ce kar ma ka yi masa maganar, kunya za ka ba shi."

Wannan ƙarshen shi ne mugun ƙullin, don na san shi, ba zai taɓa son kunyata babba ba.

Ya ce in zauna. Ya jawo kujerar roba, ya share min da hannun rigarsa, ya fara karatu. Wai turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta dinga tura iska cikin injin. Iska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Amma zafi ma ya ƙaru.

"Masu ƙera ta sun bar ɗan sarari saboda tsaro," ya ce. "Ba zan cinye sararin ba. Rabinsa zan taɓa, ko ƙasa da haka. Motar da ke kai mara lafiya ba motar tsere ba ce."

"Kai dai ka sa ta tashi sama."

"Ba za ta tashi sama ba. Za ta hau tudu da esi, shi ke nan."

Awa huɗu, jama'a. Ya duba kowane tiyo ko yana fitar da iska, ya canza filogi, ya wanke abin da ke sanyaya iskar, ya juye tsohon mai ya zuba wani garai-garai kamar zuma a rana. Sannan ya ɗora kwamfuta a cinya, ni ina tuƙi, muka yi ta hawa wata gada muna sauka, yana kallon layuka suna rawa. Ya ƙara kaɗan, ya saurara. Ya ƙara kaɗan, ya ɓata fuska, ya rage. Na ce, "Ka mayar mana!" Ya ce, "Nan ta fara ƙwanƙwasa. Ke ba ki ji ba, ita ta ji."

Da muka dawo ya ɗauko 'yar farar takarda mai gam, irin wadda yake liƙa wa duk motar da ya taɓa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: A BAR TA MINTI BIYU KAFIN A KASHE. Ya liƙa ta daidai gefen makulli.

"Wannan ya fi duk abin da na yi yau muhimmanci. In ta hau tudu fankar nan har ja take yi. Mai ne ke sanyaya ta. Kina kashe inji mai ya tsaya, wanda ke ciki ya ƙone ya daskare, kamar ki manta kasko a wuta. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanyar ta toshe. Ki gaya wa Baba."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ina shan kwanar layinsu na tsaya, na ɓanɓare takardar da farce, na liƙa ta a cikin murfin wayata. In Baba ya gan ta ai wasan ya ƙare tun ba a fara ba.

Kafin in isa gida saƙonsa ya shigo.

*Uku ne, ki karanta masa. Ɗaya, minti biyu kafin a kashe. Biyu, kar a canza irin man da na zuba. Uku, a dawo min da ita bayan wata ɗaya in duba.*

Na rubuta: *Na karanta masa. Ya ce Allah ya yi albarka.*

Ya turo min da alamar zuciya har uku. Mutumin da ko alamar tambaya sai ya yi tunani kafin ya sa.

Washegari Baba ya zaro sandar mai ya tsaya yana kallo. "Wannan ruwa ne ko mai?" Na ce a wurin wanki na sa aka canza, in ba shi mamaki. Ya ce an cuce ni. Kafin la'asar ya kai ta wurin tsohon bakanikensa, wanda muke kira Kawu Sifana, aka juye, aka ɗura mai kauri irin wanda suka saba tun ina goye. Ina ji ina gani. Doka ta biyu ta mutu a kwana ɗaya.

Amma tun da safen Litinin ɗin, wayyo ran Litinin! Muka kama tudu, Baba ya miƙa hannu zai kashe esi, sai hannun ya tsaya a iska. Motar ta ja. Ta wuce wata babbar mota, ta wuce bas. Sanyi na busa Umma, ledar na ninke a cinyarta. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, yau wace mota muka shigo?" Baba ya yi dariya. Rabon da in ji dariyar Baba har da haƙora tun kafin ciwon Umma.

"Matatar iska na kakkaɓe jiya," ya ce, yana shafa sitiyari. "Mota hannu ta sani."

A nan ya kamata in yi magana. Bakina ya buɗe ma. Amma na ga ƙeyarsa, na ga yadda ya miƙe zaune kamar lokacin da yake tuƙa manya, sai na ce bari sai Juma'a.

Kuma ga wani hali na Baba da duk tsohon direba zai gane. Daga ƙofar asibitin zuwa wurin ajiye motoci akwai 'yar gangara. Muna shiga ƙofar sai ya cire giya ya sa ta firi, ya murɗa makulli, inji ya mutu, mu gangara shiru har wurin tsayawa. Wai tattalin fetur. Shekara talatin yana haka kuma yana alfahari da shi. Da can motar a wahale take hawa, a hankali. Yanzu da ta samu ƙarfi Baba ya samu abin wasa, ya take totur tun daga ƙasa har sama, sannan a ƙofa, ƙit. Ko daƙiƙa biyu babu, balle minti.

Sau ɗaya na gwada.

"Baba, da ka bar ta ta ɗan huce mana."

"Ta huce? Faɗa muka yi da ita?"

"Ai an ce..."

"Wa ya ce?"

Ya kalle ni ta madubi. Yaya ba ya nan balle ya cece ni da shirmensa. Na ce, "A waya na gani." Ya ce, "To wayar ta zo ta tuƙa." Umma ta yi murmushi, ni ma na yi dariya, aka wuce wurin.

Wata ya cika, Injiniya ya rubuto: *A kawo ta.* Na ce Baba ya yi tafiya. Bayan mako biyu: *Har yanzu?* Na ce Baba ya ce lafiyarta ƙalau, kar a dame ka. *Yana barin ta minti biyun dai ko?* Na rubuta: *Har uku yake yi, da agogo a hannu.* Na sa alamar dariya. Allah ya gani, na sa alamar dariya.

A wata na uku ta fara wani siririn kuka in ana hawa, kamar fito daga nesa. Na ƙara sautin rediyon motar. Ni da 'yar'uwata rediyo muka rufe maganar.

Litinin ɗin nan da ta wuce, bakwai da kwata, muna tsakiyar tudu. Kukan ya zama ƙara, ƙarar ta zama kamar an zuba cokula a injin niƙa, sai wani hayaƙi fari mai shuɗi ya turnuƙe bayanmu har ba a ganin motar da ke biye. Ƙarfi ya zare gaba ɗaya. Baba ya samu ya raɓa gefe ya ja burkin hannu. Warin ƙonannen mai ya cika motar, Umma ta fara tari.

Ba a tsayawa a tudun nan. Babu mai son ya rasa gudunsa. Na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu, mayafina ya faɗi ban ma sani ba, motoci na wucewa suna mana hon kamar mu muka ce a yi tudu. Yaya yana wurin aiki a can wani gefen gari. Sai tara saura muka samu mai tasi ya yarda. Muka isa tara da minti goma, an ɗora wani dattijo a gadon Umma. Nas ɗin ta ce, "Ku yi haƙuri, yau a cike muke har yamma. Sai Laraba, sai dai in wani bai zo ba." Kowa ya zo.

Tun Juma'a rabon Umma da wanki. Talata da rana tana zaune a falo, sai na ga tana jan numfashi da kafaɗa, leɓenta ya canza launi. Ta ce, "Rediyo, buɗe taga." Tagar a buɗe take. Ruwa ne ya taru mata a ƙirji. A guje muka fito, a nan na haɗa silifas ɗin nan da har yau ban canza ba. Yanzu tana ciki, da robar iska a hanci. An yi mata wankin gaggawa, likita ya ce an auna arziki, amma zuciyarta ta wahala, sai sun ga yadda kwana biyu za su yi.

Jiya da azahar Kawu Sifana ya zo duba ta, da wani abu ƙunshe a tsumma. Ya buɗe a gaban Baba a barandar nan. Turbo ce, fankar ta kakkarye, bututun man ya toshe da baƙin abu kamar gawayi.

"Amma ba wannan ya kawo ni ba," ya ce. "Wa ya sa mata sababbin filogi? Ba hannuna ba ne. Kuma dubi abin da na gani a murfin ƙwaƙwalwarta, kwamfutar injin nan."

Farar takarda mai gam. Kwanan wata, da sa hannu. Ashe biyu yake liƙawa, ɗaya ta direba, ɗaya ta bakaniken da zai zo bayansa.

Kamar an aiko shi, sai ga Injiniya ya shigo barandar da ledar lemo da ayaba, rigarsa a goge. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Baba bai amsa ba. Takardar ya miƙa masa a kan yatsa.

"Rubutunka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Kai ka taɓa min mota."

Injiniya ya karɓi turbon daga hannun Kawu, ya juya ta, ya sa farce a bakin bututun, ya shinshina. Fuskarsa ta canza.

"Wannan ba man da na zuba ba ne. Baba, ana barin ta minti biyun nan kuwa, kamar yadda na ce?"

"Kamar yadda ka ce wa wa?"

Keken marasa lafiya ya wuce yana ƙara. Injiniya ya ɗago ya kalle ni. Ba kallon fushi ba ne, da ma shi ne. Kallon mutum ne da yake karanta saƙonnin wata uku daga farko, ɗaya bayan ɗaya, a fuskata.

Ku da kuka san ni, kun san ban taɓa rasa amsa ba. Malamai sun kore ni daga aji saboda amsa. Jiya na tsaya kamar an zare min waya daga soket.

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Baba. Ban nemi izininka da bakina ba. Ka yafe min."

Yaya da ke zaune a gefe ya taso, Kawu ya riƙe shi. Baba bai ɗaga murya ba, kuma gara ya ɗaga.

"Na ce sai na ga aikinka. To na gani. Ga shi can kwance da roba a hanci." Ya nuna ledar lemon. "Ɗauki kayanka. Kar in sake ganin ƙafarka a ƙofata."

Ya ɗauka. Ya tafi. Bai waiwayo ba.

Yaya ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. "Yi haƙuri, auta. Allah ne ya nuna miki shi da wuri." Wannan dafawar ta fi mari zafi.

Yau da safe saƙo ɗaya ya shigo, babu gaisuwa, babu alamar komai.

*Na samo wata turbo, zan ba Kawu ya ɗaura, kar a ce daga ni take. Zan mayar da ƙwaƙwalwar yadda take in an yarda a kawo. Ba zan faɗa wa kowa komai ba. Amma ko an mayar, in ya ci gaba da kashe ta a ƙofa da man nan, wata rana za ta sake ajiye Umma a tudu. Ni an hana ni magana. Saura ke.*

Na karanta sau bakwai. Na cire murfin wayata, takardar na nan, gefenta ya naɗe, gam ɗin ya kama gashin mayafi.

Baba yana can ƙarshen baranda, zaune shi kaɗai, hularsa a gwiwa, makullin mota a hannunsa yana juyawa duk da babu motar. Na taka na je, silifas ɗaya na ƙara ɗaya shiru. Na durƙusa. Na ɗora takardar a kan gwiwarsa, na buɗe saƙonnin tun daga ranar Lahadin nan, na miƙa masa wayar da hannu biyu.

Ya kalli takardar. Ya kalli wayar. Ya shafa aljihun gaba, ya shafa na gefe.

"Tabarauna na cikin mota," ya ce.

Ya mayar min da wayar cikin tafin hannuna, ya gyara zama, ya juyo da kunnensa mai ji sosai.

"Ke ce Rediyo. Karanta min. Da nasa da naki, kar ki tsallake ko ɗaya."